Ƙona Naka Kafin Ka Sayar Wa Wani

 Makonnin da suka wuce mun daɗe a kan maganar canjin kuɗi da tsadar kuɗin mota. Yau gida za mu shiga, har cikin kicin, domin sana'ar da zan yi magana a kanta a kan murhu ake yin ta. Kyandir ne mai ƙamshi, irin wanda ake zubawa a kofi ko gwangwani, wanda ake yi da kakin waken soya. Matanmu da 'ya'yanmu suna ganinsa a waya, wasu har sun fara tambayar jari. Ni na riga na ba da nawa jarin, na kuma sha kunyar da ban taɓa shan irinta ba a shekara talatin da na yi a kasuwa. Saboda haka ina da abin faɗa.

Bara ne babbar 'yata ta dawo gida da ɗanta guda, zama bai yiwu ba. Duk uban da ya ga irin wannan ya san yadda gida yake yin shiru. Wata uku tana ɗaki. Ranar da ta same ni a tsakar gida bayan isha'i ta ce, "Baba, akwai sana'ar da nake so in gwada," ban bari ta ƙarasa ba na ce nawa ne kuɗin. Ko duwatsu ta ce za ta sayar, a wannan daren zan ba ta jari, don dai in ga ta tashi.

Da ta ce kyandir na waken soya, sai na ce ai wannan mai sauƙi ne, gobe zan sa a kawo mana buhu daga Tamale. A zatona jiƙa wake za a yi a markaɗa a tace, kamar yadda ake yin awara. Dariyar da ta yi mini ita ce ta farko da na ji daga bakinta tun dawowarta. To ga waɗanda suke da irin zatona, bari in fara da wannan: kakin soya ba a yin sa a gida. A masana'anta ake tatsar man waken, a tace shi, sannan a haɗa shi da iskar haidirojin cikin zafi da matsi har ya daskare. Dabarar da aka daɗe ana daskarar da botar shafa burodi da ita ke nan. Abin da zai zo hannunki fararen ɓarɓashi ne masu laushi, kamar an kankare sabulu. A wurin masu sayarwa sunansa soya waks, haka za ki tambaya.

Kuma sabon abu ne a duniya. A farkon shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Michael Richards, a jihar Iowa, yana neman abin da zai maye masa kakin zuma saboda tsadarsa, ya fito da kakin soya na yin kyandir. A 2001 kamfanin Cargill ya sayi haƙƙin dabarar. Ƙasashen da suka fi noman waken su ne Brazil da Amurka da Ajantina. Mu ma ana noma shi a Binuwai da Kaduna da arewacin Ghana, amma kakin da muka saya a Akara daga waje aka shigo da shi. Ku riƙe wannan magana, domin ita ce tushen asarar da na yi: kayan da darasinsa duk daga ƙasashen sanyi suka fito, mu kuwa a ƙasar zafi muke.

Na aika aka sayo kilo biyar. Gwajin farko a tukunya muka zuba muka ɗora kan gas kai tsaye, ya yi zafi har ya fara hayaƙi. Uwargida ta kawo humrarta mai tsada ta ce a zuba, muka zuba, humrar ta kwanta a gindin kofi ta ƙi haɗuwa da kakin. A gwaji na uku yarinyar ta samo man ƙamshi na kyandir, abin ya fito fari tas, sumul, ɗaki ya ɗauki ƙamshi tun ba a kunna ba. Na ɗauki guda na kai shago na ajiye a kan kanta, ina nuna wa kowa.

Nan ne na yi kuskuren. Wani abokin cinikina na shekaru, mazaunin Tamale, ya zo sari ya gani. Zai aurar da 'yarsa a watan Afrilu, yana neman abin rabon biki wanda ba a saba gani ba. Ya ce guda ɗari, nan da kwana goma. Na ce an gama, Alhaji. Na karɓi rabin kuɗi ban ko buga waya gida ba. Da na koma na faɗa mata, sai ta yi shiru, can ta ce, "Baba, ba mu gwada lagwanin ba fa. Kuma an ce sai ya kwana sati biyu kafin a kunna." Na ce da ita tun ba a haife ta ba nake kasuwa, ciniki idan ya zo ba a ce masa ya dawo gobe. Ta ce to.

Sai na ƙara da wata dabara tawa. Ni kayan kicin nake sayarwa a nan Kumasi, kuma ina da kwali biyu na ƙananan kofunan gilas na shayi da suka shekara ba su fita ba. Na ce ga mazubi kyauta, mun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Lagwani kuwa wanda muka samu a kusa muka saya, ba lamba ba suna. Dare huɗu ita da ƙannenta suna zubi. Ta buga 'yar takarda mai sunan sana'arta ta manna wa kowane kofi. Muka jera a kwali, na kai tasha da kaina, aka sa a but ɗin mota.

Wanda ya san Tamale a watan Maris da Afrilu ya san zafi yakan kai digiri 40. Motar ta isa da hantsi, yaron da aka aika bai je ba sai bayan la'asar, kwalayen suna zube a rana. Kakin soya na zubawa a kofi yana narkewa ne tsakanin digiri 45 da 55, gwargwadon irinsa, kuma tun kafin ya kai nan yake yin laushi. Kwalin da ya wuni a rana, ko ya kwana kusa da inji, yana wuce zafin da ake faɗa a rediyo. Da aka buɗe, wasu sun karkace sun daskare a gicciye, man ƙamshin ya tsattsafo ya jiƙa takardun, lagwani ya kwanta a jikin gilas. Suka tsinci kamar sittin masu kyan gani suka raba.

Kwana uku bayan biki Alhaji ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi yi mini ciwo. Ya ce wasu sun kunna, wutar ta haƙa rami a tsakiya ta nutse ta mutu. Na ɗakin amarya kuwa lagwaninsa ya jingina da gilas, kofin ya tsage, narkakken kaki ya malalo a kan teburin madubi, wuta ta kama leshin da aka shimfiɗa. Allah Ya sa ƙanwar ango tana ɗakin ta kashe. Ya ce, "Alhaji, da yarinyar nan ta yi barci fa?" Ban sami amsa ba. Na mayar masa da kuɗinsa a ranar, na haɗa da kuɗin leshi, ya ƙi karɓar na leshin.

Da na faɗa wa 'yata, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Tarbiyyar uwarta ba ta bar ta ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Sunana ne a jiki, Baba." Macen da ta dawo daga gidan miji tana ƙoƙarin gina suna, ni da hannuna na manna sunan a jikin kayan da ba a gwada ba. Sati biyu ba ta taɓa tukunyar ba. Ni na je na ba ta haƙuri, na ce mu sake daga farko, wannan karon ita ce mai shago, ni ne yaro. Abin da zan jero yanzu daga littafin da take rubuta gwaje-gwajenta na kwaso shi, da izininta.

Kayan aiki ba su da yawa. Sikelin kicin mai nuna giram, ma'aunin zafi irin na girki mai tsinke, tukunya babba, jug na ƙarfe mai baki, cokali ko muciya da aka ware wa wannan aiki, sai littafi da biro. Sikeli da ma'aunin zafi su ne ba a yi musu rowa. Matanmu sun saba awo da ido, kuma a miya idonsu ba ya kuskure, amma kaki ba ya jin wannan yare. Mudu da gwangwani ma ba su yi, domin ɓarɓashin kaki iska ce rabinsa. Komai da nauyi ake auna shi, har turaren.

Mazubi shi ne inda na fāɗi, don haka ku ji da kyau. Gwangwanin ƙarfe mai murfi wanda aka yi don kyandir, ko kwalbar gilas mai kauri wadda take jure zafi, ko kofin tangaran mai sheƙi a ciki wanda ba shi da tsaga. Ban da siririn gilas, ban da roba, ban da ƙoƙo ko ɓawon kwakwa ko akushi komai kyansu a hoto, ban da kaskon ƙasa da ba a shafe cikinsa ba, domin yana shan kaki ya zama lagwani shi kansa. Ga mai aika kaya nesa, gwangwani ya fi: ba ya fashewa, ba nauyi, kuma murfinsa yana tare ƙura.

Lissafin kaki kuwa ga yadda take yi. Ta ɗora mazubin a sikeli, ta zuba ruwa zuwa inda take so kyandir ya tsaya, ta karanta nauyin ruwan. Kaki bai kai ruwa nauyi ba, don haka sai ta ninka da 0.86. Idan ruwan giram 200 ne, abin da zai cika wurin kamar giram 172 ne, kaki da turare a haɗe. Turare yana ɗaukar kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin kakin. Ita kashi 8 take sawa: kaki giram 160, turare giram 13. Kenan kilo ɗaya na kaki zai ba da irin wannan kyandir guda shida, ya ci turare giram 80. Sai a shanya mazubin ya bushe ƙarau kafin zubi, ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata aiki.

Kada a ce a ƙara turare don ƙamshi ya fi na kowa. Kaki kamar soso yake, akwai iyakar abin da zai riƙe. Abin da ya wuce iyaka zai tsattsafo a sama kamar gumi, a ƙasar zafi ma abin ya fi muni, kuma man da ya taru a sama yana iya kamawa da wuta. Sannan ba kowane turare ba ne. Na fesawa akwai sifirit a ciki. Humra da turarukan shafawa da yawa an sirka su da abin da ba ya haɗuwa da kaki. Garin turaren wuta da 'yan itatuwan sandal da busassun furanni, waɗanda ake yaryaɗawa a sama don ado, suna toshe lagwani ko su kama da wuta. A nemi man ƙamshin da aka rubuta cewa na kyandir ne. Akwai mai ƙamshin sandal da miski da oud, irin waɗanda hancinmu ya saba da su, kuma su ne suka fi tafiya a wurinta. Launi ma haka: kalar girki ruwa ce, ba ta haɗuwa, kalar yara ta zane kuma tana toshe lagwani. Mai koyo ya bar shi fari tukuna.

Narkarwa ba a kan wuta kai tsaye ake yi ba. Ruwa za a zuba a tukunya, a sa jug ɗin kakin a cikin ruwan, zafin ruwa ya narkar da shi a hankali. Ko gas ne ko risho ko kurfoti, duk ɗaya ne muddin akwai ruwa a tsakani. Idan ma'auni ya nuna digiri 80 zuwa 85, a sauke, a kashe wutar, a zuba turaren, a juya a hankali minti biyu cikakku. Ba bugawa ake yi kamar ƙwai ba, don kada iska ta shiga. Sai a jira ya sauko wajen digiri 55 zuwa 60, a zuba a hankali. Kafin nan an riga an manna gindin lagwani a tsakiyar mazubi da ɗan gam mai jure zafi, an kama samansa da maƙalin shanya ko tsinken tsire biyu don ya tsaya cak. Waɗannan lambobi mafari ne. Kowane kaki yana zuwa da takardar kamfaninsa, ita za a fara bi.

Bayan zubi sai haƙuri. Ba fanka, ba firij, ba bakin taga. Kakin soya yana son ya huce a hankali. Idan ya huce da gaggawa sai samansa ya tsage, ko ya yi rami kusa da lagwani, ko ya ja jiki ya bar gilas. Da hunturu ta fi fama da wannan, ga ƙura, shi ya sa take kifa kwali a kansu ta bar 'yar kafa. Wani farin abu kamar kanwa da yake fitowa a jikinsa ɗabi'ar kakin soya ce, ba ya hana shi ci. Idan saman ya yi gargada, a narkar da ɗan kaki a yi masa siririn zubi na biyu. Bayan kwana ɗaya a datse lagwani ya rage kamar rabin santimita, a rufe, a rubuta kwanan wata a gindi, a ajiye a inuwa sati ɗaya zuwa biyu. A wannan zaman ne kakin yake gama ƙanƙamewa ya riƙe turaren. Wanda aka kunna washegari ƙamshinsa ba ya kai na wanda ya huta. Wannan ne sati biyun da ta roƙe ni na hana ta.

Yanzu ga babbar magana, lagwani. Shi ne injin kyandir. Lagwanin auduga ne da aka saƙa, yana da lambobi daga siriri zuwa mai kauri, kuma faɗin bakin mazubi ne yake nuna wanda za a ɗauka. Kakin soya yakan nemi lagwanin da ya ɗan fi na farin kyandir ɗin kanti kauri. Idan ya yi ƙanƙanta, wuta za ta haƙa rijiya a tsakiya ta bar kaki a gefe, daga baya ta nutse, abin da ya faru a Tamale ke nan. Idan ya yi girma, harshen wuta zai yi tsawo yana rawa, baƙin hayaƙi ya ɓata gilas, kan lagwani ya yi gululu, mazubi ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Takardar mai sayarwa za ta nuna miki inda za ki fara, amma ba wanda zai faɗa miki daidai, domin sauya turare kaɗai yana sauya yadda wuta take ci.

Hanyar sani guda ɗaya ce, a ƙona. Takan zuba uku a mazubi iri ɗaya, kaki ɗaya, turare ɗaya, lagwani lamba uku mabambanta. Bayan sun huta sai a kunna su a jere. Nan aikina yake. Bayan isha'i nakan zauna da agogo da littafi. Ƙa'idar da ake bi ita ce kamar awa ɗaya ga kowane santimita biyu da rabi na faɗin baki, kuma ba a wuce awa huɗu a zama ɗaya. Mazubi mai faɗin santimita 7 ko 8, cikin awa uku ya kamata narkakken kakin ya kusa taɓa gefe ko'ina, zurfinsa kada ya wuce santimita ɗaya. Sai a kashe, ya daskare, gobe a datse lagwani a sake. Haka za a yi ta yi har ya kusa ƙarewa, domin yadda wuta take gangarawa ƙasa haka zafi yake taruwa a cikin mazubin. Lagwanin da ya yi daidai a sama yana iya yin yawa a ƙasa, kuma a ƙasan ne gilas yake fashewa. Kyandir goma sha takwas na ƙona a tsakar gidana kafin ta yarda da mazubi biyu da turare uku. Uwargida tana cewa kuɗi muke ƙonawa. Na ce mata wanda na mayar Tamale ya ninka wannan.

Sai maganar zafin ƙasarmu, wadda masu koyarwa a waya ba sa yi, domin ba damuwarsu ba ce. Kakin soya iri-iri ne. A cikin na Golden Wax, alal misali, mai lamba 464 shi ne aka fi yayi, amma ya fi saurin narkewa. Mai lamba 444 ya ɗan fi shi jure zafi. Mai saye ya tambayi digirin da kakin yake narkewa, ya ɗauki mafi tsauri. Wasu suna ƙara ɗan kakin zuma, wanda sai ya wuce digiri 60 yake narkewa, don ya ƙara masa ƙarfi. Ita ma tana sa kaɗan a na bazara, amma duk sabon haɗi sabon gwajin lagwani ne. Man kaɗanya kuwa, da wata maƙwabciya ta ba mu shawara, zafin jiki ma yana narkar da shi, sai dai ya ƙara laushi. Ba a baje wannan haja a rana a bakin shago, ba a barin ta a mota. Idan za a aika arewa, a miƙe a cikin kwali, da murfi, a motar dare, kuma mai karɓa ya riga motar zuwa tasha. Daga Maris zuwa Mayu ma ta daina aikawa gaba ɗaya. 'Yan uwa na Yamai da Garwa da Injamena, ku da kuka fi mu zafi, ku fara ajiye guda ɗaya a ɗakinku wata guda ku ga yadda zai yi kafin ku sa jari.

Tsaro kuma ba abin wasa ba ne, musamman a gidajenmu na haya inda kicin da ɗaki da wurin wasan yara duk wuri ɗaya ne. Ba a barin kaki a wuta a tafi amsa sallama. Idan ya kama da wuta ba a zuba masa ruwa, kamar man suya yake, murfi ake kifawa a kashe murhu. Ba a zubar da ragowarsa a magudana, zai daskare ya toshe. Kowane kyandir da zai fita yanzu yana ɗauke da 'yar takarda da Hausa da Turanci: a datse lagwani kafin a kunna, kada a wuce awa huɗu, a nisanta shi da labule da gidan sauro da hannun yara, kada a yi barci ko a fita a bar shi, a daina kunnawa idan saura santimita ɗaya a gindi.

Ta fuskar ciniki, kada a yaudari kai. Wannan ba kyandir ɗin ɗauke wuta ba ne. Mai neman haske zai sayi fitilar caji ko farin kyandir mai araha, wanda ake yi da kakin da ake samu daga man fetur. Na soya kayan ƙamshi ne da kyauta: ɗakin amarya, rabon biki da suna, tsarabar Sallah, masu otal da masu gyaran jiki. A lissafin farashi a sa kaki, turare, mazubi, lagwani, takarda, gas, kuɗin mota, da waɗanda aka ƙona wajen gwaji, sannan ladan hannu. Sau da yawa turare da mazubi sun fi kakin cin kuɗi. Kuma tunda kayan daga waje suke zuwa, duk ranar da dala ta motsa jarinki ya motsa. Wajen talla a faɗi abin da yake gaskiya: daga tsiro aka samo shi, yana ci a hankali, ana wanke mazubinsa da ruwan zafi da sabulu a sake amfani da shi. Amma a ce ba ya hayaƙi sam, ko yana maganin wani ciwo, wannan ƙari ne. Duk kyandir ɗin da lagwaninsa ya yi tsawo zai yi hayaƙi. Addininmu ya hana ɓoye aibin haja, balle a ƙirƙira mata falalar da ba ta da ita.

Shawarata ga mai farawa, kilo ɗaya ko biyu ya isa. Mazubi iri ɗaya, turare iri ɗaya, lagwani lamba uku. A ba wa abin wata biyu ba a karɓi kuɗin kowa ba. Ga mazaje da iyaye irina kuma, mu da muke ba da jari, mu san cewa iya saye da sayarwa daban, iya yin abu da hannu daban. Ni na saba da hajar da wani ya riga ya gwada a masana'anta kafin ta iso shagona. A wannan sana'a masana'antar ita ce kicin ɗin gidanka, mai gwajin kuma 'yarka ce ko matarka. Idan ta ce kaya bai nuna ba, bai nuna ba.

Watan jiya Alhajin Tamale ya zo sari. Na ba shi gwangwani biyu kyauta, na ce ya kai wa amarya, ya ce mata wannan an ƙona 'yan uwansa har gindi a gabana. Ya juya shi ya karanta takardar, ya yi murmushi, ya ce akwai ƙanwarta da za a aurar bayan Babbar Sallah. Na ce, "Alhaji, wannan ba da ni za ka yi magana ba." Na kira mai sana'ar a waya na miƙa masa. Ina ji tana ce masa sati shida take bukata, kuma ita za ta zaɓi motar da za a sa kayan. Ya ce ya amince.

Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya tsare mu da gobara, Ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.